Dokar da Kawu Ya Kafa a Filin Makaranta

Da wayona na tarar da ƙungiyar agaji a cikin danginmu, kamar yadda yaro ke tarar da rijiya a tsakar gida, ba ya tambayar wanda ya haƙa. Ba 'yan agajin masallaci nake nufi ba, masu gyara sahu ranar Juma'a. Ina nufin babbar ƙungiyar nan ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake ganin mutanenta da fararen kaya idan mota ta kife ko annoba ta sauka. Wanda ya kawo ta yankinmu na Rano da Kibiya yayan mahaifiyata ne, malamin firamare a Tarai. Kawu nake ce masa. Shi kuma Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa ba ya iya faɗa.

Tarihin ƙungiyar a bakinsa na ji, har na haddace, don Kawu ba ya gajiya da maimaita labari. In ka kai masa gaisuwar minti biyu, to ka gyara zama. Yakan ce tun zamanin Turawa take, lokacin tana ƙaramin reshe na wata uwar ƙungiya a ƙetare. Da ƙasa ta samu 'yancin kai sai ta tsaya da ƙafarta, ta zama tamu. Yana kwalejin horon malamai aka koya musu tsayar da jini da ɗaukar wanda ya karye ba tare da an ƙarasa shi ba. Da yaƙin basasa ya ƙare aka kwashe su, su matasa, zuwa kudu rabon garin madara da busasshen kifi. Abin da ya gani a can shi kaɗai ne ba ya tsawaita magana a kansa. Ya dawo gida da farar riga da hula, ya tara ɗalibansa ya fara koya musu ɗaurin bandeji. Mutanen gari suka yi ta dariya, suna cewa malam ya buɗe asibiti a gindin darbejiya.

Shekarun fari ne suka hana su dariyar. Ni ban riske su da wayo ba, amma mahaifiyata ta ce har ganyen da dabba ke ƙi sai da aka dafa. Ƙungiya ta aiko da hatsi, aka sauke a zaurukan masu faɗa a ji domin su raba wa talakawa. Abin da ya isa hannun talakawan bai kai a ba da labari ba. Daga baya aka riƙa ganin buhunan a kasuwa, ko juya su ba a yi ba. Kawu ya hau keke ya tafi har wajen manyan ƙungiyar a Kano, ya ce in dai haka za a yi, a cire shi. Ya dawo da izinin ya yi yadda ya ga ya dace, ya kuwa kafa doka. Daga ranar, kayan agaji ba sa kwana a zauren kowa. A filin makaranta za a sauke, da rana tsaka, kowa yana gani. Mai bukata ya zo da ƙafarsa, ya bi layi, ya karɓa da hannunsa. Babu aike, babu ajiye wa wane, ko da kuwa uban mai rabon ne.

Ya sha zagi a kan dokar nan, har da wanda ya daina gaisawa da shi har ya koma ga Allah. Amma hatsi ya isa inda aka nufa, kuma kowa ya shaida.

Ni ina makarantar sakandare ya sa ni a ciki, bai ma tambaye ni ba. Na yi fareti a rana har na yi baƙi, na koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, daga nan ne ma na zarce na zama malamar asibiti a Rano. A gabana ƙungiyar ta sauya kama. Na ga lokacin sanƙarau da muke bin ƙauyuka a ƙafa, na ga na amai da gudawa da muka shimfiɗa mutane a aji. Keke ya koma babur, babur ya koma farar mota mai zuwa daga Kano in ta ga dama. Yaran yanzu kafin su ɗaga wanda ya faɗi sai sun ɗaga waya tukuna. Ina yi musu faɗa, suna ce mini Hajiya zamani ne. Abu ɗaya ne bai motsa ba, dokar filin makaranta. Shugaban reshenmu na yanzu tsohon ɗalibin Kawu ne, ya fi tsoron karya ta a kan komai. Duk ranar rabo kuma sai an aika an ɗauko Kawu, a ajiye masa kujera kusa da buhuna, shi ke miƙawa. Uban ƙungiya suke ce masa.

Ya yi ritaya ya koma gona. Ɗansa ɗaya namiji ya rasu tuntuni, 'ya'yansa mata suna gidajen aurensu a nesa. Daga shi sai matarsa, wadda nake kira Inna. Ba mai arziki ba ne, amma bai taɓa sayen hatsi ba, kuma duk kaka sai ya fitar da zakka daga abin da ya noma. Da wannan yake taƙama, ba da takardar malanta ba.

Sai wata damina ta zo, ba da jimawa ba, da marka irin wadda tsofaffi suka ce sun manta rabonsu da gani. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ƙasa ta sha har ta ƙi karɓa. Daga Madachi zuwa Unguwar Gai ɗakunan ƙasa suka riƙa zaunawa ɗaya bayan ɗaya. Gonakin kwari suka zama tafki. Ta Kawu a kwari take, masara da dawar da ke cikinta duk suka kwanta. Wannan kowa ya gani, amma ba wanda ya damu ƙwarai, don an san malam yana da tsohuwar dawa a rumbu da za ta kai shi wata kakar.

Da hanya ta ɗan bushe na hau babur na je duba su. Katanga tana tsaye, ɗakuna lafiya lau. Rumbu yana nan a kan duwatsunsa da sabuwar jinka a ka. Ina shiga tsakar gida wani wari ya buge ni, tsami-tsami, irin na ƙullun da ya kwana biyu an manta da shi. Na dubi Inna, ta kau da kai ta ce in shigo ɗaki, rana.

A wajenmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Maigida ne ke hawa tsani ya fiddo dami ya miƙo a sussuka, abin da ya rage a ciki kuma tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Matar da ta tambayi mijinta ko saura nawa, kamar ta ce masa ya gaza ne. Inna ta tsufa a gidan nan ba ta taɓa ɗora ƙafa a tsanin ba. Ni kuwa 'yar ƙanwa, ta ina zan fara?

A ɗaki ta gaya mini abin da ta sani, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai gulmar wani gida. Ta ce iskar farkon markar ta ɗauke tsohuwar jinkar, Malam yana kwance da zazzaɓi, ruwa ya yi kwanaki yana shiga. Da ya tashi ya hau ya duba, ya daɗe a sama, ya sauko bai ce komai ba. Washegari ya sa aka ɗora sabuwar jinka. Tun daga ranar bai sake fiddo dami ba. Awakinsa yake kaiwa kasuwa ɗaya-ɗaya, ya dawo da awo a leda, ya ce wai yana so tsohuwar dawar ta ƙara shan iska. Awakin sun ƙare. Yanzu tuwo sau ɗaya take yi a yini, sauran kuma ganyen tafasa da zogale.

Na duba idonta na ga ya yi fari. Tana shan maganin hawan jini, ta ce in ta tashi tsaye sai ta dafa bango. Na ce to me take jira, ta yi masa magana mana. Ta dube ni kamar na ce ta fita ba mayafi.

Abin haushin shi ne, yaranmu na ƙungiya sun riga sun zaga gari gida-gida suna duba ɓarna, don an ce kayan agaji na tafe. Sun zo gidan Kawu. Ya tarbe su a zaure, ya sa aka kawo musu ruwa, sannan ya ɗauki sandarsa ya shige gaba yana nuna musu gidajen da suka rushe. Shi ya tuna musu da wata gwauruwa a bayan gari da suka tsallake. Ba wanda ya yi tunanin tambayar uban ƙungiya ko ya ci abinci.

Na fita zaure na same shi yana sauraren rediyo. Na yi ta zagaye-zagaye. Na ce bana an sha ruwa, ya ce rahama ce. Na ce mutane da yawa dawarsu ta jiƙe a rumbu, ya ce Allah Ya mayar musu da alheri. Na ce ni kam ina jin wani wari a tsakar gida. Ya rage rediyon, ya tambaye ni lafiyar maigidana da yara, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda yake makaranta a Zariya. Na gane an rufe maganar. Raina ya ɓaci, na yi sallama na tafi ban ko sha furar da Inna ta dama mini da ragowar geronta ba.

Na koma Rano na ɗebo abin da zan iya daga gidana na kai musu a matsayin tsaraba. Wannan ya karɓa, don kyautar 'ya ce. Da na dawo bayan 'yan kwanaki, Inna ta ce rabi ya tafi gidan maƙwabcin da ɗakinsa ya faɗi, tunda ai Malam mai rumbu ne, ba zai ga maƙwabci da yara a waje ya yi shiru ba. Na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya. Ni ma ba wani ƙarfi gare ni ba, ruwan bai bar dangin maigidana ba, gidanmu cike yake da baƙi. Ko da zan iya, sai in ciyar da rabin unguwa kafin loma ta isa bakin Inna.

Da kaya suka iso daga Kano, aka fara rabo ta Rano kafin a zo Kibiya, sai na ja shugabanmu gefe na gaya masa komai. Ya riƙe kai. Ya ce shi ma yana cikin masu zagayen, ya zauna a zauren ya sha ruwa bai lura da komai ba. Na ce ya ba ni buhu ɗaya na masara in kai ba tare da kowa ya sani ba. Ya ce Hajiya, dokar fa. Na ce dokar ta ci ƙaniyarta, mutumin da ya kafa ta yunwa yake kwana da ita. Daga ƙarshe ya ce shi bai ji ba bai gani ba.

Na juye masarar a wani tsohon buhun taki, na kai da la'asar lokacin da na san yana masallaci. Ban yi saurin tafiya ba, ya dawo ya same ni. Ya dubi buhun, ya dube ni.

"Uwata, wannan daga gidanki yake?"

Da wani ne da na shirga masa ƙarya ban ko ƙifta ido ba, amma mutumin da ke kirana da sunan uwarsa ban iya ba.

"Mayar da shi inda kika ɗauko," ya ce. "Akwai mai shi, yana can zai tsaya a rana."

Na ce masa shi ma ai mai shi ne. Na ce gonarsa ta tafi, kuma na san abin da ke cikin rumbun nan, kowa ya shigo gidan hancinsa zai gaya masa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce in ba zai karɓa a ɓoye ba, to ya zo fili ya bi layi kamar kowa, tunda shi ya ce haka za a riƙa yi. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Cewa ya yi in gaida gida. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana jin mu. Haka na ɗora buhun a babur na mayar, ina tafe ina share hawaye, mai babur ɗin yana tsammanin rasuwa aka yi mini.

Ranar rabon Tarai ta zo. Filin firamare ya cika tun hantsi, layin maza daban, na mata daban. Aka ɗauko Kawu kamar kullum. Ya sa tsohuwar farar rigarsa ta ƙungiya, wadda ta koma ruwan ƙwai don tsufa, ta kuma yi masa yawa a kafaɗa. Na so in ƙi zuwa, amma ni ke kula da layin mata. Yana zaune, yara suna jawo buhu, shi kuma ya ɗora hannu a kai ya tura wa mai karɓa, ya ce Allah Ya mayar da alheri. Ina kallonsa. Na san ko koko bai sha ba.

Rana ta take sosai lokacin da na hango Inna a can ƙarshen layi. Da farko ban yarda ita ce ba. Matar da in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba ba ta fita, ga ta tsaye cikin hijabinta na zuwa unguwa, ta riƙe hannu a ƙirji. Na je da sauri na ce Inna me kike yi a nan. Ta ce abin da kowa yake yi. Na ce ya sani? Ta ce yanzu zai sani.

Matan da ke gabanta suka waiwayo suka gane ta. Surutu ya fara mutuwa daga baya, yana tafiya gaba a hankali, har ya tsallaka layin maza. Wasu suka matsa suna cewa matar malam ta wuce gaba. Ta ƙi. Na kawo mata benci, ta ƙi zama. Haka ta riƙa matsawa taki ɗaya-ɗaya, wani lokaci ta dafa kafaɗar ta gabanta. Ni da na yi shekaru ina tsawata wa mata a layin nan, na tsaya a gefenta ban san inda zan sa hannuna ba.

Kawu ya gan ta tun da saura mutane da dama a tsakaninsu. Na ga lokacin da ya gan ta. Bai tashi ba, bai kira kowa ba, ya ci gaba da miƙawa. Shugabanmu ya sunkuya ya raɗa masa ko zai shiga ofis ya ɗan huta, wani ya karɓe shi. Ya girgiza kai.

Ta iso gabansa. Bisa tsari sai an tambayi mai karɓa irin ɓarnar da aka yi masa, kowa yana ji. Yaron da ke tambayar ya dubi Kawu. Inna ba ta jira shi ba.

"Gonarmu ta nutse," ta ce. "Abin da ke rumbu kuma ya ruɓe."

Kawu ya ɗora hannu a kan buhun ya tura mata.

"Allah Ya mayar da alheri."

"Amin, Malam."

Ya zauna har aka sallami mutum na ƙarshe, ya yi addu'ar rufewa kamar yadda ya saba, aka mayar da shi gida.

Kafin magariba duk garin ya ji. Mutanen Tarai ba su da mugun nufi, alheri suka yi. Washegari kwanuka suka fara shigowa, wannan ya aiko da gero, wancan da wake, har maƙwabcin nan da ya ci rabin tsarabata ya aiko da kuka da daddawa. Tsofaffin ɗalibansa suka zo rukuni-rukuni suna ba shi haƙuri, suna cewa don me bai faɗa ba. Kowa ya zo sai ya gode masa, ya sa albarka. Amma ya daina zama a ƙofar gida. Daga masallaci sai ɗaki, kuma ya koma fita sallah a makare don kada a tsaya gaisawa. Inna ta murmure, idonta ya dawo. Ba su yi faɗa ba, ta ce ko sau ɗaya bai ɗaga maganar ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata.

Na rasa wanda zan yi fushi da shi. Inna ta yi daidai. Kawu ma da ya mayar da ni da buhu bai yi kuskure ba, don na san ranar da aka fara kai wa mutumin kirki a ɓoye, gobe na banza za a kai wa. Na yi ta juya abin a raina ko akwai wata hanya da na kasa gani, har yau ban samo ba.

Na ɗan ja jiki da gidan saboda kunyar ɗaga muryar da na yi. Da na koma, da azahar ne, na same shi a ɗaki Inna ta ajiye masa tuwon masara. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi yara. Na ɗauka shi ke nan, zan tashi, sai ya ce in zauna. Na zauna.

"Uwata, ina so in tambaye ki, ke da kike tsayawa kusa da su. Duk mutanen nan da na tsayar a filin makaranta shekara da shekaru, haka suke ji?"

Na san amsar. Na ga mazan da ke rufe fuska da rawani a layi, na ga waɗanda ke bari sai an kusa tashi su zo, na san gidajen da suka gwammace su kwana haka da a gan su. Ban taɓa gaya masa ba, don ban taɓa ɗaukar abin da nauyi ba sai da ya zo kan namu. Na buɗe baki in ce masa ai dokarsa ta ciyar da mutanen da ba su da iyaka, na ga ba abin da ya tambaya ke nan ba, na fasa.

Ya gyaɗa kai. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya fara ci a hankali.

Bayan wata guda aka kawo sauran kaya don mutanen Unguwar Gai. Aka aika a ɗauko shi, ya ce a gaya musu mura yake yi. Muka sauke buhunan a filin makaranta, da rana tsaka, ni na shirya layin mata.